Maigidana ya ajiye maganin kolesterol ya koma shan "wankin jijiya"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka daga Tahoua, hankalina a tashe yake. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 52, yana da tansiyo da ciwon suga. Wata uku da suka wuce aka yi masa awon jini a Yamai. Ga abin da ke kan takardar: kolesterol gaba ɗaya 2.70, LDL 1.92, HDL 0.38, tirigiliserid 2.00. Likita ya rubuta masa atorvastatin, ya sha kwali ɗaya ya daina. Yanzu wani haɗi yake sha na tafarnuwa da lemun tsami da citta da khal da zuma, wanda wani mai magani ya ce yana wanke jijiya cikin kwana 21. Ya ce shi siriri ne, ba ya jin ciwon komai, kuma ƙwayar asibiti tana lalata ƙoda. Yayansa ya faɗi a shago yana da shekara 49, bai tashi ba. Ni dai na hana ƙwai shiga gidan, kuma man da nake saye an rubuta a jikin jarkar babu kolesterol. Don Allah mene ne wannan kolesterol ɗin? Haɗin zai wanke shi? Me zan riƙa dafawa?

AMSA

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan yayan maigida, ya sa ya huta. Tsoronki yana kan hanya, sai dai kin ɗora shi a kan ƙwai, alhali inda ya kamata ya sauka shi ne kan kwalin maganin da aka ajiye.

Mu fara da takardar. Ma'aunin da ɗakunan awo na Nijar suka fi amfani da shi shi ne giram a cikin lita. A cikin lambobi huɗun nan, LDL, wato kolesterol ɗin da ke taruwa a bangon jijiya, ita ce ta fi damuna. Ga mutum mai ciwon suga da hawan jini, ya haura hamsin, muna son LDL ta sauka ƙasa da 1.0, kuma idan akwai ƙarin haɗari irin na gidanku, ƙasa da 0.7 muke nema. Shi yana kan 1.92. HDL, wadda ke kwashe rarar kolesterol ta mai da shi hanta, a namiji ana son ta kai 0.40, tasa ta ɗan gaza. Tirigiliserid, wani nau'in kitse ne da ke yawo a jini, ana son ya tsaya ƙasa da 1.5, nasa 2.00, kuma wannan sau da yawa yana bin suga da shayi ne. Idan wata rana ya yi awon a Sakkwato, kamar yadda mutanen Ƙonni da Tahoua kan yi, zai iya ganin 192 ko kusan 5.0 maimakon 1.92. Abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kada ku ce ya hau ko ya sauka.

Kolesterol ba guba ba ne, kuma ba baƙo ne a jiki ba. Wani irin maiƙo ne da kowace ƙwayar halitta ke gina bangonta da shi. Da shi jiki ke haɗa sinadaran mazakuta da na mata, da bitamin D, da ruwan matsarmama mai narkar da abinci mai maiƙo. Mafi yawansa, wajen kashi uku cikin huɗu, jiki ne da kansa ke ƙera shi, musamman hanta. Ragowar ne ke shigowa ta baki. Wannan kaɗai ya isa amsa maganar sirantaka: hantar siriri tana aiki kamar ta mai teɓa, kuma idan ta gaji rashin iya kwashe LDL daga jini, to ko ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa lambar za ta hau. LDL da ta kai 1.9 tare da ɗan'uwa na jini da ya mutu farat ɗaya kafin shekara 55 tana sa mu zargi kolesterol na gado, wanda ake samu a kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300 a duniya.

Yanzu ga maganar wankin jijiya, kuma ki yi haƙuri, a nan zan daɗe, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta ba.

Masu wannan sana'a hoto ɗaya suke sayarwa: wai jijiya bututun famfo ce da maiƙo ya daskare a cikinta, a zuba tsami ya narke, ya bi bayan gida ya fita. Hoton yana shiga kai da sauri domin kowace mace ta taɓa wanke kwano mai maiƙo da lemun tsami. Amma ba haka abin yake ba. LDL ba ta kwanciya a kan hanyar jini. Kutsawa take yi ta ƙarƙashin fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya, ta shige cikin naman bangon. Ƙwayoyin garkuwar jiki su bi ta su haɗiye, su mutu a wurin, jiki ya rufe su da tabo, bayan shekaru har alli ya taru wurin ya yi tauri. Wannan aiki ne na shekara ashirin, talatin, ba na damina ɗaya ba. Abin da ke kashe mutum kuma yawanci ba cikewar hanyar a hankali ba ne. Wata rana murfin tabon ne ke tsagewa, jini ya daskare a kansa cikin mintoci, hanya ta toshe. Idan a zuciya ne, mutum ya faɗi a shago. Idan a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. To ki gaya mini, ta ina lemun tsami zai bi ya isa cikin bangon jijiyar zuciya? Cikin ɗan Adam yana da tsamin da ya fi na lemo da na khal ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk da haka ba ya kaiwa jini, domin hanji yana kashe shi, huhu da ƙoda kuma suna tsare ma'aunin tsamin jini tsakanin 7.35 da 7.45 dare da rana. Da abin da aka sha zai iya sa jini ya yi tsamin da zai narkar da tabo, da mai shan ya riga tabon tafiya.

Ba ni da faɗa da tafarnuwa. Ki sa ta a miya, ki sa citta a kunu. An gwada tafarnuwa sau da yawa, abin da aka gani ragi ne ɗan kaɗan wanda ba ya tabbata daga wannan gwaji zuwa wancan, kuma ba a taɓa nuna ta hana bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Faɗana da wanda ya zuba ta a gora ya ce wa mai ciwon suga ya ajiye ƙwayarsa. Ki duba ma abin da ke cikin haɗin: zuma, cokali-cokali, safe da yamma, ga mutumin da sugansa ke hawa. Khal a cikin da babu komai, ga mutanen da da yawansu ke kukan gyambon ciki. Wasu kuma suna ƙara ganyen da ke sa zawo ko yawan fitsari, don mai saye ya ga aiki da idonsa. Sai ya kwana yana zarya, da safe a ce masa kitse ne ke fita. Ruwan jikinsa ne ke fita. A zafin Afrilu da Mayu na Adar, ga mutumin da ke shan maganin hawan jini da na suga irin su metformin, wannan bushewar ita ce ke durƙusar da ƙoda. Daga baya a ɗauko shi a kawo mana, a ce ƙwayar asibiti ce ta ci masa ƙoda.

Akwai kuma na'urar nan da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta fitar da shafuka masu launi, a ce an ga kolesterol, an ga hanta, an ga sanyin ƙashi, duka cikin minti biyu. Babu na'urar da ke auna kolesterol ta tafin hannu. Sai an ɗebi jini. Kuma ki lura, wanda ya auna shi ne mai sayar da maganin, kuma idan aka koma bayan kwana 21, na'urar tana nuna an warke, sai dai akwai wani sabon abu da ya ɓullo a ƙoda wanda shi ma akwai gorarsa. Masu ƙaho ma wasunsu sun shigo layi, suna nuna gudan jinin da ya daskare a kofi su ce ga kolesterol nan ya fito. Kowane jini idan ya bar jijiya daskarewa yake yi, har na jariri. Wanda zai yi ƙaho don sunna ya yi niyyarsa, amma kada a jingina masa abin da ba ya yi.

Abin da ke ba wannan kasuwa rai shi ne kalmar da maigida ya faɗa: ba ya jin ciwon komai. Gaskiya ya faɗa. Kolesterol ba ya sa ciwon kai, ba ya sa ciwon wuya, ba ya sa nauyin jiki ko jiri. Mai LDL 0.7 da mai 2.5 duk ɗaya suke ji idan sun tashi da safe. Saboda haka duk wanda ya sha haɗi ya ce ya ji sauƙi, ba ƙarya yake yi ba, amma ba sauƙin kolesterol ya ji ba, don dama ba shi ya dame shi ba. Saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp cike suke da masu shaida. Waɗanda suka sha suka faɗi ba sa aiko saƙo. Na tabbata yayan maigida ma ranar da ya fita shago lafiya lau ya yi sallama da iyalinsa.

Ita ƙwayar kuma me take yi? Tana rage wa hanta ƙera kolesterol. Da hanta ta ga ya yi mata ƙaranci, sai ta ƙara jawo LDL daga cikin jini. Atorvastatin mai ƙarfi yana iya sauke LDL da rabi cikin sati huɗu zuwa shida, kuma yana ƙarfafa murfin tabon da ya riga ya samu don kada ya tsage. Ba jiya aka fara ba. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irin wannan magani a jikin fumfuna cikin shekarun 1970, na farko ya shiga kasuwa a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka ga simvastatin, ɗan'uwan atorvastatin, ya rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a cikin shekara biyar da ɗoriya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna duk saukar LDL da kusan 0.4 tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Mai gora ya kawo nasa lissafin mu gani.

Amma ga inda mutanenmu ke faɗuwa: wannan ba maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha kwana uku a gama. Ran da aka daina, hanta ta koma halinta, cikin ƴan makonni lambar ta dawo inda take. Kwalin da maigida ya sha ya yi aikinsa na wata ɗaya, ya wuce. A nan ba zan wanke mu ma'aikatan lafiya ba. Mutum ya taso tun daga Tahoua, ya biya kuɗin mota, ya kwana gidan dangi, ya yi layi tun asuba, a miƙa masa takardar magani cikin minti uku ba wanda ya ce masa abin na kullum ne. Sau da yawa ma sunan kamfani mai tsada ake rubutawa, alhali akwai irinsa mai sauƙin kuɗi da sunan sinadarin kawai. Wani ɗakin awon kuma kolesterol gaba ɗaya kaɗai zai fitar, ba LDL, ba HDL, lambar da ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Shi kuwa mai gora zai zaunar da shi a tabarma, ya ba shi shayi, ya saurare shi awa guda. Ba mamaki ya fi mu ciniki. Ku tambayi farmasi mai lasisi atorvastatin da sunansa, ba na kan tire ko na bayan babur da rana ta gasa ba, kuma sabunta takardar ba sai an koma Yamai ba, likita a Tahoua zai iya yi.

Maganar ƙoda jita-jita ce. Abin da ke cin ƙodar irin maigida suga ne da hawan jini, kuma masu ciwon ƙoda da yawa mu da kanmu muke ɗora su a kan wannan ƙwaya. Illar da aka sani ita ce ciwon tsoka ga wasu kaɗan, kuma yawanci rage ƙarfin maganin ko canja irinsa yana warware ta. Idan ciwon tsoka ya yi tsanani, jiki ya mutu, fitsari ya koma kalar shayi, a dakata a zo asibiti a ranar. Wannan ba kasafai yake faruwa ba. Yana iya ɗan ɗaga suga, amma amfaninsa ga mai ciwon suga ya rinjayi wannan nesa. Duk likitan da zai rubuta masa wani magani a gaya masa yana shan wannan, domin ba ya jituwa da wasu kamar clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, don haka kada ki ce za ki taya shi. Da azumi, a sha bayan buɗa-baki.

Sai kicin, wanda shi ne a hannunki. Rubutun jarka ba ƙarya ba ne, wayo ne. Babu man tsiro da ke da kolesterol, ko na gyaɗa, ko manja, ko na auduga, domin dabba kaɗai ke yin sa. Abin da ke ɗaga LDL a jini ya fi zama nau'in kitsen da ke daskarewa idan an yi sanyi, wanda ke sa hanta ta rage kwashewa. Manja kusan rabinsa irin wannan ne, kuma yawancin farin man jarka da ke shigowa kasuwa manja ne da aka tace. Man shanu ya haura rabi. Man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, shi ya sa na fi son sa, amma da cokali, ba da ludayi ba. Man da aka soya ƙosai da shi jiya, aka soya kifi yau, za a soya dankali gobe har ya yi baƙi, a zubar. Madarar gari mai arha da ake aunawa a leda, da yawanta an cire mata man nono an zuba mata manja, ki karanta jikin buhun.

Ƙwai an zalunce shi. Gwaiduwa ɗaya tana da kolesterol kusan miligiram 190, amma ga yawancin mutane tasirinta a jini kaɗan ne. Mai ciwon suga kamar maigida ya tsaya a uku ko huɗu a sati, dafaffe, ba wanda mai shayi ya nutsar a mai ya tura cikin burodi da bota ba. Ki mai da wa yara ƙwansu, suna bukatarsa. Abin da zan so ki sa wa ido shi ne na waje: balangun dare da ake zaɓar masa wurin kitse, ƙwaƙwalwa, ɓargo, kayan ciki, fatar kaza, da man shanun da ake malala wa tuwo har ya yi tafki. Kilishi tsoka ce, kitsensa kaɗan, matsalarsa gishiri ga mai hawan jini. Cuku a ci ɗan yanki, ba fai-fai guda da shayi ba. Shayin ma, zagaye uku da sukari kamar za a yi alewa, shi ne babban mai laifi a tirigiliserid ɗinsa, tare da lemun kwalba. Idan yana shan taba, barinta ya fi duk abin da na lissafa.

Abin da za ki ƙara kuwa duk yana kasuwar Tahoua: wake sau da yawa a sati, gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba, miyar kuɓewa da ta kuka, waɗanda yauƙinsu ke riƙe ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, kabeji, albasa, gyaɗa cikin tafin hannu, riɗi, kifi gasasshe ko dafaffe. Fura da nonon da aka cire wa mai, ba sukari, kuma da ƙima saboda sugansa. Ya riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba ko bayan la'asar, aƙalla kwana biyar a sati.

Sai dai kada in ruɗe ki. Gyaran abinci, idan an yi shi da gaske, yakan sauke LDL da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Daga 1.92 zai kai shi wajen 1.65. Har yanzu ya ninka inda muke nema. Tukunyarki taimako ce, ba za ta maye gurbin ƙwayar ba, kuma idan lambar ba ta sauka ba kada wani ya ce girkinki ne.

Alhaji, na san za a karanta maka wannan, to da kai nake. Ka ce kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma babu musulmin da zai musa maka. Amma kai ne kake kulle shago da kwaɗo biyu, kake ƙirga kaya kafin ka biya, ba ka taɓa karɓar buhu don mai shi ya rantse ba sai ka buɗe ka gani. Don me jikinka kaɗai za ka miƙa wa wanda bai nuna maka komai ba sai baki? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma jiki amana ne. Ba kowa ne ke faɗuwa ya tafi nan take ba. Da yawa suna saura a kan tabarma shekaru, ana juya su, ana ba su abinci a baki, kasuwa ta watse, yara su bar makaranta. Matar da ta rubuto wannan wasiƙa ita za ta ɗauki wannan nauyin. Idan kana shakka, ga hanya mai sauƙi: ka je a auna LDL yanzu, bayan ka gama kwana 21 ɗinka na haɗi, ka ga ko ta motsa. Sannan ka koma kan ƙwayar wata biyu a sake aunawa. Ka bi wadda takarda ta gaskata.

Hajiya, idan kun je wurin likita ku nemi a haɗa da awon ƙoda, da na fitsari, da na hanta, da awon suga na wata uku, a duba maƙoshi kuma, domin raunin tiroyid, wato ƙululun da ke gaban wuya, da zubar furotin a fitsari suna ɗaga kolesterol. Kada ya fara shan asfirin da kansa. Ƙannensa da ƴaƴan marigayi da naku su ma a auna su, domin idan na gado ne, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka, kuma ana iya auna yaro tun yana wajen shekara goma. Idan kuma kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ya ji nauyi a ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi da gumi, ko numfashi ya gagara haka kawai (mai suga ba lallai ya ji zafin ƙirji ba), kada a ɗura masa komai a baki, kada a jira gari ya waye, ko da abin ya wuce bayan ƴan mintoci. A sa shi a mota zuwa babban asibiti, ki ɗauki takardar awon da kwalayen duk magungunansa, har da gorar haɗin.